Idan Fanfon Shato Ya Ƙi Tsayawa

A Damargu ruwa abu ne mai wuya. Mutumin Tanut ya sani, na Balbeji ya sani, haka na Gangara da Falanko da Olelewa da Tenhiya. Damina gajera ce. A yawancin shekaru ruwan sama da ke sauka a Tanut ba ya wuce milimita 300. Tafkuna suna ƙafewa tun kafin bazara ta yi ƙarfi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana da nisa. Akwai rijiyoyin da hannu ba ya iya jan gugansu. Sai an ɗaura igiya ga raƙumi ko sa, dabba ta yi tafiya mai tsawo, sannan guga ya fito.

Saboda haka ne gwamnati ta daɗe tana aikin ruwa a ƙauyuka. A 1963 aka kafa ma'aikatar OFEDES, wadda ta gina rijiyoyin siminti, ta kuma kula da tashoshin fanfo na makiyaya. Bayan farin 1973 da na 1984 aka ƙara ƙoƙari. Yanzu garuruwa da yawa sun samu foraji, wato siririyar rijiya mai zurfi da inji ya haƙa. A cikin forajin akwai fanfo mai aiki da wutar lantarki. Fanfon yana tura ruwa sama zuwa shato. Daga shato ruwa yake gangarowa zuwa robine da wurin shan dabbobi. A wasu garuruwa gurup ne yake ba da wuta. A wasu kuma allunan sola ne.

Idan fanfo ya ƙi tashi, kowa yakan sani nan da nan, domin robine ya bushe. Amma akwai wata cuta da mutane ba su cika damuwa da ita ba. Ita ce fanfo ya tashi, ya ƙi tsayawa. Wasu har yabo suke yi, suna cewa injin nan ba ya gajiya. Wannan kuskure ne. Fanfon da ya ƙi tsayawa yana nuna cewa wani abu ya lalace. In aka bar shi, zai iya ƙonewa, gari ya koma tsohuwar rijiya.

YADDA FANFO KE SANIN LOKACIN TSAYAWA

Fanfo ba ya ganin cikin shato. Yana can ƙasa cikin foraji. Akwai abin da ke aika masa da labari. Wannan abu ɗan gora ne na roba, bai fi girman mangwaro ba. Makanikai suna kiransa fuloter. An rataye shi a cikin shato da wayar lantarki.

Goran a rufe yake, ruwa ba ya shiga cikinsa. Don haka yana yawo bisa ruwa, kamar goran masunta. A cikinsa akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da ƙaramin makunni. Idan ruwa ya ragu a shato, gora yakan rataya, kansa ya dubi ƙasa. Ƙwallon ya gangara gefe ɗaya. Saƙo ya tafi cewa a tashi. Idan ruwa ya cika, gora ya hau, kansa ya dubi sama. Ƙwallon ya koma ɗaya gefen. Saƙo ya tafi cewa a tsaya.

Saƙon yana bin waya zuwa akwatin wuta da ke ɗakin fanfo. A jikin akwatin, a wurare da yawa, akwai ƙaramin makunni mai matsayi uku. An rubuta AUTO, da 0, da MANU. AUTO yana nufin gora ne ke ba da umarni. 0 yana nufin a kashe. MANU yana nufin mutum ne ke ba da umarni, fanfo ba ya sauraren gora. Ban da wannan akwai babban makunni mai yanke wuta gaba ɗaya.

Akwai shato da ba a sa masa gora ba. A irin wannan wuri mai kula da fanfo ne gora. Shi ne zai duba, ya kashe da hannu. Kowane kwamitin ruwa ya kamata ya san ko nasu shaton yana da gora ko ba shi da shi.

IRINSA A JIRGIN RUWA

Wannan dabara ba a shato kaɗai take ba. Ƴan Damargu da suka je cin rani Legas ko Kwatano ko Abijan sun ga jiragen ruwa masu inji. Kowane jirgi yana tara ruwa kaɗan a gindinsa, daga ruwan sama ko igiyar ruwa ko ƴar ɓula. Mai kwale-kwale a kogin Kwara ko tafkin Cadi yakan kwashe ruwan da ƙwarya ko roba. Jirgi mai inji kuwa yana da ƙaramin fanfo a gindinsa, mai aiki da baturi. Shi ma yana da gora.

Aikin goran jirgi kishiyar na shato ne. A jirgi, idan ruwa ya taru gora ya hau, fanfo ya tashi ya zubar da ruwan waje. Idan ruwa ya ƙare gora ya sauka, fanfo ya tsaya. Masu jirgi sun san tsoron fanfon da ya ƙi tsayawa. Yakan shanye baturi ko ya ƙone. Daga nan ruwa ya taru babu mai fitar da shi, jirgi ya nutse a inda aka ɗaure shi.

Mai jirgi yakan yi wa kansa tambaya ɗaya kafin ya taɓa komai: akwai ruwa a gindin jirgin, ko babu? Idan babu ruwa amma fanfo yana aiki, laifin yana wajen gora, ko makunni, ko waya. Shara ta tokare gora, ko an bar makunni a kan aikin hannu. Idan kuwa akwai ruwa, fanfo bai yi laifi ba. Ko jirgin yana yoyo, ko ruwan da aka tura yana dawowa ta tiyo, ko fanfon ya toshe. Irin wannan tambaya ce mai kula da shato zai yi: shato ya cika, ko bai cika ba?

ƁARNAR DA AKE YI

Kafin a je ga gyara, yana da kyau a ga girman hasara. Ga lissafi don misali.

A ce fanfon wani gari yana ba da lita 5.000 a awa ɗaya. A ce shato ya cika, fanfo bai tsaya ba, ruwa ya yi ta zuba awa 6. Lita 5.000 sau 6, lita 30.000 ke nan. Idan aka raba da bido mai lita 25, an zubar da bido 1.200. Idan ana sayar da bido dala 5, kuɗin jika 30 ne suka bi ƙasa. Ma'aikatan ruwa suna lissafa wa mutum ɗaya a ƙauye lita 20 a yini. Ke nan ruwan mutum 1.500 ne. Saniya a lokacin zafi takan sha lita 30 zuwa 40. Ke nan ruwan da zai shayar da shanu 750 ko fiye ne.

Inda gurup ke ba da wuta, gazuwal ma yana ƙonewa a banza. Inda sola ce, wasu sukan ce rana ba ta kuɗi ba ce. Gaskiya ne. Amma fanfo na kuɗi ne, kuma kowace awa ta aiki tana rage kwanakinsa.

Ruwan da ya zuba yakan kwanta a gindin shato. Yana cin ƙasar da ke riƙe da ƙafafun shaton. Dabbobi suna taruwa, wuri ya zama taɓo da kashi. Sauro ya samu wurin haihuwa, zazzaɓi ya shiga gidaje.

Babbar hasara ita ce ƙonewar fanfo. Ruwan foraji ne ke sanyaya injin fanfo. Idan ya yi ta ja har ruwa ya sauka ƙasa da bakinsa, sai ya riƙa juyawa a bushe. Zafi ya yi yawa, ya ƙone. Fitar da fanfo daga foraji mai zurfi sai ƙwararru da kayan aiki. Sabon fanfo ba a samunsa a kasuwar ƙauye. Sai an aika Damagaram, wajen kilomita 150 daga Tanut, ko Yamai, ko Kano. Kafin a tara kuɗi, a sayo, a ɗaura, makonni sun wuce. A cikin makonnin nan mata da yara da jakuna ne ke shan wahala.

AIKIN FARKO

Duk wanda ya ga ruwa yana zuba daga saman shato, ko ya ji fanfo ya wuce lokacin da ya saba, ya je ya gaya wa mai kula da fanfo. Mace ce, yaro ne, baƙon makiyayi ne, duk ɗaya. Kada a ce wani zai faɗa.

Mai kula da fanfo zai yi abubuwa uku.

1. Ya dubi indararon shato, wato tiyon da ke fitar da rarar ruwa. Yana zuba, ko a bushe yake?

2. Ya dubi ƙaramin makunni. Yana kan AUTO, ko kan MANU?

3. Ya mai da makunni kan 0, ya saurara. Ya dubi agogon ruwa da ake kira konter. Idan lambobinsa suna tafiya, fanfo bai tsaya ba. Sai ya sauke babban makunni, ko ya kashe gurup.

Kada a rufe makullin tiyon da ke hawa shato alhali fanfo yana aiki. Wasu suna yin haka don ruwa ya daina zuba. Ruwan zai daina zuba a sama, amma fanfo yana nan yana turawa. Tiyo zai iya fashewa, inji kuma ya yi zafi. Wuta ake kashewa, ba a toshe hanyar ruwa.

IDAN SHATO YA CIKA YANA ZUBA

A nan fanfo lafiyarsa lau. Ya yi aikinsa, saƙon tsayawa ne bai iso gare shi ba. Ana bincike daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Dalilai biyar ne aka fi gani.

Na farko: an bar makunni kan MANU. Yakan faru bayan wankin shato, ko bayan makanike ya yi gwaji ya manta. Wani lokaci yaro ne ya shiga ɗakin fanfo ya murɗa. Magani shi ne a mai da shi kan AUTO, a sa wa ɗakin kwaɗo.

Na biyu: gora ya maƙale. Ƙarfin ruwan da ke zubowa cikin shato yakan kaɗa gora. Wayarsa ta naɗe a tsani ko a tiyo. Ruwa ya hau, gora ya kasa hawa. Wani lokaci kuma laka da gansakuka da farin dattin ruwa ne suka manne masa, ya yi nauyi. A kashe wuta, a warware wayar, a wanke goran da tsumma. A ɗaure shi nesa da tsani, nesa da bakin tiyon da ke zubo ruwa.

Na uku: an rataye gora sama da ƙima, ko wayarsa ta yi tsawo da yawa. Ruwa yakan kai bakin indararo kafin gora ya juya. Dole gora ya juya tun ruwa yana ƙasa da indararo da kamar taƙi ɗaya ko biyu. A gyara wurin ɗaurin.

Na huɗu: gora ya fashe. Zafi da daɗewa suna tsaga roba. Ruwa ya shiga ciki, gora ya nutse. Ga yadda ake gane wannan. Bayan an kashe wuta, a ɗauki goran a juya shi sama da ƙasa kusa da kunne. Mai lafiya yakan yi ƙas, ƙarar ƙwallon da ke ciki. Wanda ya fashe yakan yi nauyi, a ji ruwa yana motsi a cikinsa. Ba a liƙe shi da danƙo ko leda. Sabo ake sayowa. Kuɗin gora kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin fanfo.

Na biyar: waya ko akwatin wuta. Wayar gora tana da tsawo, daga saman shato har ɗakin fanfo. Rana tana cinta, ɓera yana gaigayarta, gara tana shiga inda aka binne ta. A wasu injuna, idan silin waya biyu suka haɗu, fanfo yakan ɗauka ana ce masa ya ci gaba. A wasu kuma, musamman na sola, idan wayar ta yanke, saƙon tsayawa ba ya isowa. Akwai kuma wani makunni a cikin akwati da ake kira kontakter. Tartsatsin wuta yakan narka bakinsa ya manne. Alamarsa ita ce an mai da ƙaramin makunni kan 0, fanfo bai tsaya ba. Mai kula da fanfo zai iya bin waya da ido, ya ga inda ta goge. Amma buɗe akwatin wuta aikin makanike ne.

Bayan an gyara, a yi gwaji. Mutum ɗaya yana sama, ɗaya yana ɗakin fanfo. A kunna wuta, makunni yana kan AUTO. Na sama ya ɗaga gora da busasshiyar sanda har kansa ya dubi sama. Fanfo ya kamata ya tsaya. A yi haƙuri kaɗan, domin wasu akwatuna suna jinkiri kafin su yanke. Idan an saki gora, fanfo ya sake tashi. In haka ta faru, gyara ya yi.

IDAN SHATO BAI CIKA BA

A nan gora bai yi ƙarya ba. Shato yana bukatar ruwa, shi ya sa fanfo bai tsaya ba. Abu biyu ne: ko ruwa yana fita fiye da ƙima, ko bai shigowa yadda ya saba.

Akwai gwaji mai raba gardama. A rufe makullin tiyon da ke sauka daga shato zuwa gari. A lura, mai sauka ake rufewa, ba mai hawa ba. A bar fanfo yana aiki. Idan shato ya cika a lokacin da ya saba, fanfo ya tsaya, to ruwa yana ɓacewa ne a hanyar gari. Idan bai cika ba, matsalar tana tsakanin foraji da shato, ko a jikin shaton.

Idan a hanyar gari ne, a duba waɗannan.

A bi robine ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya lalace, aka ɗaure shi da roba, yana zuba dare da rana. A duba wurin shan dabbobi, ko an bar ruwa yana malala.

A bi layin tiyo da ƙafa, da sassafe. A nemi wurin da ƙasa ta jiƙe. A nemi ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. A nemi inda zuma da tsuntsaye ke taruwa, da inda ƙasa ta lotsa. Tiyo yakan fashe inda amalanke da mota ke tsallakawa, da inda ruwan damina ya tone shi.

Wani lokaci babu yoyo ko kaɗan. Bukata ce ta ƙaru. A watannin bazara tafkuna sun ƙafe, garkuna sun taru a gari mai foraji. Fanfo yana bayarwa, ana kwashewa. Wannan ba aikin makanike ba ne. Kwamiti da mai gari da shugabannin makiyaya su zauna, su tsara lokacin shan dabbobi da lokacin ɗibar mata, su bar wa fanfo lokacin hutu.

Idan matsalar ba a hanyar gari take ba, a fara duba makullin wanke shato da ke ƙasansa. Ana iya barinsa a buɗe bayan wanki. A dubi jikin shato ko yana ɗiga. Sannan a auna ƙarfin fanfo. A rubuta lambar konter, a jira awa ɗaya, a sake rubutawa, a ɗebe ta farko daga ta biyu. Inda babu konter, a cika tano mai lita 200 a bakin foraji, ana duban agogo. Fanfo mai ba da lita 5.000 a awa yana cika tano cikin minti 2 da daƙiƙa 24. Idan yanzu sai minti 5 ko 6, ƙarfi ya ragu. Ga dalilan da ke kawo haka.

Ƙura a kan allunan sola. A lokacin hunturu ƙura tana rufe gilashi, wuta ta ragu, ruwa ya ragu. A wanke da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma, lokacin da gilashi ya yi sanyi. A sare reshen da ke yi masa inuwa. A sani kuma, fanfon sola ya yi aiki daga safe zuwa yamma ba cuta ba ce, muddin shato bai cika ba kuma ruwa yana zuwa yadda ya saba.

Ruwan foraji ya sauka. Alamarsa ruwa yana zuwa yana yankewa, da iska, kamar tari. Wani lokaci da yashi ko laka. Wannan ita ce alama mafi haɗari. A kashe nan take. A bar foraji ya huta ƴan awoyi, a kira ma'aikatan ruwa su auna zurfin ruwa.

Tiyon cikin foraji ya ɓule. Tsatsa ko sassautawar mahaɗi ke kawo haka. Fanfo yana turawa, ruwa yana komawa ciki. Wani lokaci ana jin ƙarar zubarsa idan an kasa kunne a bakin foraji.

Ƙofar hana komawa ta lalace. A kan tiyo akwai ƴar ƙofa mai barin ruwa ya hau, ta hana shi dawowa. Makanikai suna kiranta kilafe. Yashi yakan hana ta rufewa. Alamarsa, in an kashe fanfo ana jin ruwa yana gangarawa, ko konter ya juya da baya. In an kunna kuma, ruwa ya daɗe bai iso ba.

Yashi ya cinye cikin fanfo. Ƙarfi yakan ragu sannu a hankali, wata bayan wata.

An juya wayoyi. Inda fanfo ke aiki da gurup mai layin wuta uku, idan aka musanya waya biyu wajen gyara, inji yakan juya da baya. Yana ƙara, amma ruwa kaɗan yake bayarwa. Idan ƙarfi ya ragu ranar da aka gama wani gyara, a gaya wa makanike wannan.

Wanke allo da kashe wuta aikin mai kula da fanfo ne. Sauran duka sai makanike ko ma'aikatan ruwa.

ABUBUWAN DA BA A YI

Ba a taɓa waya ko gora da hannu sai an sauke babban makunni. Ruwa da lantarki suna kisa.

Ba a taɓa akwatin wuta da jiƙaƙƙen hannu, ko ana tsaye cikin ruwa. Allunan sola suna ba da wuta mai ƙarfi duk lokacin da rana ke kansu, ko fanfo a kashe yake. Ba a cire wayoyinsu.

Ba a hawa shato mutum ɗaya. Ba a hawa da dare, ko ana iska mai ƙarfi. Ba a aiken yaro. Ba a shiga cikin shato sai akwai wani a bakinsa. Mai shiga ya wanke ƙafa da hannu, domin ruwan sha ne.

Ba a haɗa waya kai tsaye don a tsallake gora. Wasu fanfuna suna da abin da ke kashe su idan ruwan foraji ya sauka. Ba a cire shi don yana yawan tsayar da aiki. Shi ne mai ceton fanfo.

Idan gora ya lalace kuma sabo bai iso ba, ana iya aiki da MANU na ƴan kwanaki. Amma sai mai kula yana zaune a wurin. Ya kunna, ya jira, ya kashe kafin ruwa ya kai indararo.

LITTAFIN MAI KULA DA FANFO

Ba a gane cewa fanfo ya wuce lokacinsa sai an san lokacin da ya saba. Don haka a ajiye littafi a ɗakin fanfo. Kowace rana a rubuta abubuwa huɗu: kwanan wata, ƙarfe nawa fanfo ya tashi, ƙarfe nawa ya tsaya, da lambar konter. Inda gurup ne, a ƙara litar gazuwal. Idan shaton da ke cika cikin awa 4 ya koma awa 5, sannan awa 6, littafi zai nuna tun kafin ɓarna ta yi girma. Sau ɗaya a wata a gwada gora da sanda, a bi layin tiyo da ƙafa, a rubuta abin da aka gani.

Dokar ruwa ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Afrilu 2010, ta ce masu amfani da ruwa su ba da nasu kason na kuɗin tafiyar da aikin. Ƙaramar hukuma ce ke da alhakin ruwan sha a ƙauyuka. Tana iya danƙa aikin ga ɗan kasuwa bisa yarjejeniya, masu shan ruwa kuma su kafa ƙungiyarsu mai sa ido. Kuɗin da ake biya a bakin robine daga cikinsu ake gyara. Yana da kyau a sayi gora ɗaya da ƴan robine a ajiye tun kafin bukata.

Idan abin ya fi ƙarfin gari, a sanar da wanda aka danƙa wa aikin, da ƙaramar hukuma, da ma'aikatan ruwa na gunduma. Tun 2011 Balbeji gunduma ce da kanta, an raba ta da Tanut. Kowane gari ya san inda zai kai kukansa. Hanya tana da nisa, zuwan makanike kuma kuɗi ne. Kada a ce masa kawai fanfo ya lalace. A gaya masa abubuwa biyar: shato yana zuba ko bai cika ba, makunni yana kan me, fanfo ya tsaya da aka mai da shi kan 0 ko bai tsaya ba, ruwa nawa konter ya nuna a awa ɗaya, ruwan yana zuwa da iska ko yashi ko babu. Da wannan bayani makanike zai san kayan da zai ɗauko, ya gama aikin a zuwa ɗaya.